Jinjina ga Alhaji Ɗan Kwangila

Allah ya ja zamanin Alhaji ɗan kwangila, toron giwa, bango madafar bayi, mai sa buhun siminti ɗaya ya yi aikin biyu! Shi ne masanin da ya gano cewa rodi ado ne, siriri ma ya wadatar, kuma dekin da aka zuba shekaranjiya bai kamata a ɓata masa lokaci da katakon tokara ba, tunda mai gida na sauri.

Amma babbar baiwarsa tarbiyya ce. A 1981 wasu suka taru a Janeba ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, suka rubuta Yarjejeniya ta 155, wai ma'aikacin da ya hango haɗarin da ke dab da cin ransa yana da ikon janye jikinsa, kuma kada a hukunta shi. Nijeriya ma ta amince da ita a 1994. Wannan ai koya wa talaka ragwanci ne. Da Alhaji ya bar takardar nan ta shigo wurin aikinsa, da tuni kowane lebura ya fara ɗaukar wuyansa da muhimmanci.

A dubi yadda fomansa ke warkar da masu tsoro. Yaro ya ɗauko kwanon kankare a ka, silifa a ƙafa, ya tsaya gaban tsanin katako da ya miƙe har hawa na uku, ya ce, "Oga, wannan fa rawa yake yi." Ba kwamiti, ba dogon turanci. "Kai yaro, in ba za ka hau ba ajiye kwanon. Mutum nawa ne a bakin ƙofa tun asuba?" Nan take yaro ya samu sauƙi, ya hau. Wane likita ne ke da hannu irin wannan?

Hular kwano kuwa akwai ta, sabuwa ful, a bayan mota. Ba a yarda ƙura ta taɓa ta sai ranar da manya za su zo ɗaukar hoto.

Mahassada ba su da aiki sai ambaton benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rufta a Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya ci sama da mutum 40, da na titin Beirut a Kano a 2022. Sun manta cewa kwana in ya ƙare, ya ƙare. Alhaji ya fi kowa yaƙini da haka, shi ya sa yake duba aiki daga cikin mota, can nesa da inuwar ginin.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF. Alhaji mai tausayi ya hutar da hukuma lissafi, don bai taɓa rubuta sunan lebura a takarda ba. In ta Allah ta kasance, shi ke sayen likkafani, ya je ta'aziyya da kansa, har da buhun shinkafa. Kafin a shafa fatiha ya yi wa ƙanin mamacin alƙawarin gurbin yayansa, kuma ba a taɓa jin ya saɓa ba.