Zuwa ga Bazazzagin da ke cigiyar jaket ɗin fata

Bawana na Zazzau, gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran malaman Tudun Wada masu yawo da jarida a hammata.

Labari ya iso mana Kano cewa ka sayi babur, yanzu kuma kana neman jaket ɗin fata irin ta mutanen da, wadda ake gani a tsofaffin finafinan Turawa. An ce har ka fara gwajin tafiyar ƙasaita a tsakar gida, kafaɗa a ɗage, uwargida tana tambayar ko wuyanka ne ya sanƙare. Tunda haƙƙin bawa yana wuyan ubangidansa, ba zan zuba ido ka kai kuɗinka kasuwa a yi maka sakiyar da ba ruwa ba. Na san akwai ciwo a ce Bakano ne zai karantar da mutumin birnin ilimi, amma ka daure, harkar fata ba a allo ake koyon ta ba.

Ka fara sanin asalin abin da kake sha'awa, kada a tambaye ka a majalisa ka ce daga Samaru ya fito. A shekarar 1928 wani mai ɗinka riguna a birnin New York na Amurka, Irving Schott, ya fito da jaket ɗin da ya raɗa wa suna Perfecto, sunan wata taba da yake son sha. Wani dillalin baburan Harley-Davidson ne ya fara sayar da ita, a kan dala 5.50. Yau ta wannan kamfanin sai ka ajiye ɗaruruwan daloli, don haka kada ka ji dala biyar ka fara laluben aljihu. Duk abin da ka gani a jikinta yana da aikinsa. An karkata zif ɗin gaba ne don ƙirji ya samu fata ninki biyu, iska ta rasa ta inda za ta kutsa idan mahayi ya sunkuya. Zif ɗin hannu yana matse wuyan hannu don kada iska ta cika rigar. An gajarta ta don kada ta tattare a cinya idan an zauna, bel ɗin ƙugu kuma ya riƙe ta a wuri ɗaya.

Sunanta ya zaga duniya ne a 1953, da Marlon Brando ya fito da irinta a fim ɗin The Wild One, a matsayin shugaban wasu 'yan tasha masu babura, yana bisa Triumph. Fim ɗin ya tayar da ƙura har hukumar tace finafinai ta Ingila ta hana nuna shi kusan shekara 14, wasu makarantun Amurka kuma suka hana ɗalibai shiga aji da irin wannan riga. Ka ji tufar da Malam guda, mai gyara wa mutane nahawu a wurin ɗaurin aure, yake son sawa. Ni dai na san ba Brando ne ya ruɗe ka ba. Kwamando ne, da ka gan shi a Terminator 2 na 1991 bisa ƙaton babur da baƙin tabarau, tun lokacin abin ke cin ka a rai.

Akwai salo na biyu, wanda ake dangantawa da samarin Landan na shekarun 1950 da 1960. Matattararsu wani shagon shayi ne da ake kira Ace Cafe, a bakin babbar hanyar da ta zagaye arewacin birnin, burinsu kuma babur ya taɓa mil 100 a awa, wato kilomita 160. Kamfanin Lewis Leathers ya ɗinka wa da yawansu riga. Jaket ɗin da a yau ake dangantawa da tseren baburansu ba ta da tarkace: ƙaramin wuya a tsaye, zif miƙaƙƙe a tsakiya, aljihu biyu ko huɗu, shi ke nan. Su kilomita 160 suke nema. Naka roba-roban, idan ya zo hawan gadar Kwangila da kai da buhun masara, sai an haɗa masa da addu'a.

Tsakanin biyun, shawarata ka ɗauki ta biyu. Dalili na farko tumbinka ne. Perfecto a ƙugu take tsayawa, an yi ta ne don masu shafaffen ciki, kai kuwa tuwon Zazzau ya riga ya yi maka gini a gaba. In ka matsa sai ka sa ta, bel zai koma ƙarƙashin tumbi, ka fito kamar buhun gawayin da aka ɗaure da igiya a tsakiya. Dalili na biyu, ƙarfen bel ɗin yana kankare fentin tankin mai duk lokacin da ka sunkuya, kuma na san ka, ƙwarzane ɗaya a jikin babur ɗin nan zai hana ka barci.

Yanzu mu zo kan fata, inda dole ka rusuna wa Bakano. Tun zamanin fatake majemanmu ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato, raƙuma su ƙetara da ita Sahara, Turawa su saye ta a hannun 'yan kasuwar Maroko su laƙaba mata sunan ƙasar. Na san za ka ce ai cibiyar binciken fata ta ƙasa a Samaru take. Gaskiya ne. Ku kuna rubuta takarda a kan fata, mu muna jeme ta muna sayarwa, sauran kuma ku da mu duk mu cinye ta ganda a miya.

Ga yadda abin yake. Jaket ɗin farko-farko da fatar doki aka fi yin su. Tana da tauri da nauyi, tana daɗewa kafin ta saki jiki, amma jikanka ma zai gaje ta. Fatar saniya ita ce ta gama-gari a wurin masu babur, kuma kaurin da ake nema shi ne milimita 1.2 zuwa 1.4. Fatar akuya ba ta kai ta nauyi ba, tana da laushi da ƙwari, ta fi dacewa da mai zama a ƙasar zafi. Wadda za ka guje wa ita ce ta ɗan rago. Ita ce ta fi daɗin taɓawa, ita ce mai shago zai fara miƙo maka, amma ta zuwa biki ce. Ranar da kwalta ta goge ta, ba za ta tsaya yin gardama ba.

Sai jabu, wadda ta cika kasuwa: yadi ne aka shafe da roba aka buga masa zanen fata. Ka kai hanci, fata tana da ƙanshinta, roba tana warin leda. Ka duba bakin yanka a cikin aljihu ko ƙarƙashin shafi. Bayan fatar gaske gashi-gashi ne mai laushi, bayan jabu kuwa saƙar zare za ka gani. Ka dubi fuskar, in zanen ya zama iri ɗaya sak daga kafaɗa har ƙugu, inji ne ya buga shi, don dabba ba ta zuwa da tsari haka. Jabu ba ta daɗewa take fara ɓarewa a wuya da gwiwar hannu, kana tafiya tana zubar da ɓawo. Araha ba ta ado, bawana, balle ta tare kwalta.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kai hoto kake hange, ni kuwa ranar faɗuwa nake hango maka, Allah ya kiyaye. Yawancin jaket masu kamar na da, na kwalliya ne kawai. Wadda aka yi don babur tana da ɗinki ninki biyu ko uku a kafaɗa da hannu, tana da aljihunan ciki da ake cusa matashin kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da gadon baya. A Turai akwai ma'aunin da ake gwada su da shi, EN 17092, ana rubuta darajar a ƙyallen da ke cikin rigar: A, ko AA, ko AAA wadda ta fi kowacce juriya. Matashin kariyar ma yana da nasa ma'aunin, EN 1621, mataki na 1 da na 2, na biyun ya fi shanye bugu. Kai da ke alfahari da karatu, ga inda zai yi maka rana: karanta ƙyalle kafin ka zaro kuɗi. Ka nemi wadda fuskarta ta 1955 ce, cikinta kuma na bana. In ka ce sai tsohuwa ta ainihi daga dilar gwanjo, ka sani fata tana bushewa ta tsage, zare yana ruɓewa, kuma masu ɗinkin wancan zamani ba su bar wa matashin kariya wuri ba.

Wurin gwaji kada ka tsaya gaban madubi kana murmushi. Ja zif har sama, hau babur, kama kan da hannu biyu. Hannun riga ya rufe wuyan hannunka, bayanta kada ya ɗage ya bar ƙugu a waje, kafaɗa kada ta shaƙe ka. Ta kama jiki, don in ta yi yawa matashin zai zame daga gwiwar hannu daidai lokacin da ake buƙatarsa. Kuma don Allah ba a ɗora ta kan malum-malum. Na faɗa ne don na san halin mutanenka.

Ka kuma tuna Landan ba Zariya ba ce. Su sanyi da yayyafi suke gudu. Kai daga Maris zuwa Mayu zafi yana kai maki 40, in ka shige baƙar fata mai kauri ka tsaya a cunkoson PZ da azahar, kafin ka isa gida ka dahu. Nemi mai ƙananan huji a ƙirji da hannu, wadda ake cire shafin cikinta, kuma ruwan ƙasa ta fi baƙa sauƙin rana. Lokacin cin moriyarta hunturu ne, daga Disamba zuwa Janairu, da sassafe a hanyar Kano idan za ka zo gaishe ni. In ruwa ya dake ta, ka shanya ta a inuwa. Da damina kada ka ƙulle ta a leda, fumfuna za ta yi mata fari fat. Man fata ake shafa mata, kada in ji ka taɓa man shanun uwargida.

Kafin duk wannan, hular kwano. Jaket tana tare fatar jiki ne, kai kuwa ba a sayar da irinsa a Sabon Gari. Zanna bukar ɗin da kake karkatawa ba za ta hana komai ba. Na san za ka tono mini zancen 2009, lokacin da aka tilasta sa hular kwano wasu 'yan acaɓa a Kano suka kifa ƙwarya a ka. To, ko a nan mun nuna muku dabara da tattalin kuɗi, amma kai kada ka kwaikwaya, don kanka ya fi ƙarfin ƙwarya.

In ka shirya, ka taho Kano in raka ka Ƙofar Wambai, in tsaya a bayanka kada a ji Hausarka a ninka maka kuɗi. La'adata kashi goma ce, ban da kuɗin sharar bara da har yau ba ka biya ba. In kuma ka ƙi jin magana ka sayo ta roba, kada ka ce ka san ni.

Naka, ubangidanka na Kano ta Dabo.