Masu Kwaikwayon Rembrandt, Kowa da Halinsa

Tun da aka buɗe gidan adana zane-zane na Louvre a birnin Paris a 1793 ake barin masu koyo su kafa ƙyallensu gaban aikin magabata su kwaikwaya, bisa sharaɗin kada kwafin ya zo daidai da na asali wajen girma. Abin da ake so ɗalibi ya gano shi ne yadda aka bi aka gina fuska da fentin mai, shafe bisa shafe, wane ne a ƙasa, wane ne a sama. Kamanni kuwa daga baya suke zuwa. Sai dai kowa da abin da ya kai shi.

Akwai sarkin gaggawa, wanda kafin ya daidaita ƙwaryar kai ya riga ya gama ido ɗaya har da gashinsa. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, kuma ƙa'ida ita ce shafen sama ya fi na ƙasa maiƙo, in ba haka ba fuskar ta tsattsage kamar fadama da rani. Shi bai da wannan lokacin. Yana ɗora ɗanye kan ɗanye har kunci ya koma kunun kanwa. Kusa da shi ga ɗan ƙwalisa, mai akwatin buroshi arba'in da shuɗi mai tsada irin wanda ake niƙowa daga dutsen Afghanistan, alhali launukan ƙasa, ja-ja da rawaya-rawaya, su ne Rembrandt ya fi dogara da su. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne mai biyayya har da ƙari. Wannan bawan Allah yana kwafar duhun tsohon banish da tsagar da shekaru suka yi, a zatonsa hikimar malam ce. Ai ko shahararren zanen nan na Rembrandt na 1642 da ke Amsterdam, wanda ake yi wa laƙabi da sintirin dare, da rana abin ya faru. Banish ne ya yi duhu har aka ɗauka dare ne. Kishiyarsa kuma mai gyara wa malam: ya dubi ƙaton hancin Rembrandt, wanda mai shi ya lafta wa farin fenti mai kauri don ya kama haske, ya ga bai dace da babban mutum ba, ya rage masa. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Za a ce waɗannan duka shaida ne cewa kwaikwayo dakushe basira yake yi. Amma mai zane Rubens yana da shekara hamsin da ɗaya, sunansa ya gama Turai, ya zauna a Madrid a 1628 yana kwafar zanen Titian ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda ya ce hannunsa ya mutu. Laifin yana ga abin da aka zaɓa a kwafa. Akwai dai wani mai koyo can a lungu da 'yan kallo ba sa tsayawa kansa, don kallonsa babu daɗi: ya shafe sa'a guda buroshi a hannu bai taɓa ƙyalle ba, yana neman inda inuwar haɓa ta narke cikin wuya. Mako na uku ke nan, hotonsa ko ido babu, sai dishi-dishin kai launin ƙasa.