Noman zinare ba fartanya

Wai mutum ya shiga wasan intanet don ya huta, sai ya tarar can ma sai an yi gumi ake ci. A wasan Old School RuneScape na kamfanin Jagex da ke Ingila, mai son tara zinare ba ruwansa da jarumtaka. Wuri guda yake tarewa yana kashe korayen dodanni, ya kwashe ƙashi da fata, ya kai kasuwar wasan, Grand Exchange, ya sayar, ya koma. Masu wayo kuwa ko takobi ba sa zarewa: su sara da araha, su sayar da tsada. Ɗan kasuwa dai, ko a garin dodanni shi ke cin riba.

Da darajar kuɗin Benezuwela ta zube, 'yan ƙasar da yawa suka duƙufa kan wannan noma, suna sayar da zinaren da dala, duk da kamfanin ya haramta. Da wutar ƙasar ta ɗauke a Maris 2019, har kasuwar wasan sai da ta girgiza.

Saboda haka, in ɗanka ya kwana yana danna kwamfuta, kafin ka ɗauko bulala, tambaye shi nawa ya sayar.