Masu Sayen Taya, Kowa da Aƙidarsa

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, kwalta ba ta ɗaga wa kowace taya ƙafa. A lokacin ne masu tsofaffin motoci, daga Fijo 504 zuwa Golf 3, ke yin tururuwa zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Kowace taya tana ɗauke da tarihinta a rubuce a gefenta, sai dai masu saye kowa da abin da ya fi amincewa da shi.

Sarkin Beljiyam. Aƙidarsa ita ce abin da Bature ya ci ya rage ya fi sabuwar China. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, ya yanke hukuncin cewa albarka sai a cikin kwantena. Ko a jikinsa don tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin kayan da aka haramta shigowa da su. Sai ya shafa zanen ya ce, "Kai, dubi haƙora!" Bai lura da ɗan hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a tsakiya ba. Tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi, an yi ta don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Shi kuwa hanyar Gusau zai hau da ita da azahar. Kafin damina ta sauka, haƙoran sun zama dasashi.

Injiniyan ƙafa. Ba ruwansa da geji. Shuri biyu zai yi mata, ya kasa kunne, ya ce, "Ta yi." Yana da ƙane wanda in za shi tafiyar rana sai ya sa a rage iska, wai kada zafi ya fasa ta. Gudun gara ne aka faɗa gidan zago, domin taya mai ƙarancin iska gefenta lanƙwasa yake yi a kowane juyi, zafi ya taru a ciki har roba ta rabu da waya. Adadin iskar da ya dace yana nan manne a bakin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗau zafi. Duk zuriyarsu ba wanda ya taɓa leƙawa.

Shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Gaba dama 'yar Japan, gaba hagu 'yar Indunusiya, baya China da Jamus, safaya kuwa ba a san iyayenta ba. Ka nuna masa 185/60 R14, ka ce faɗi ke nan a milimita, sai tsayin gefe kashi 60 cikin ɗari na faɗin, sai rim mai inci 14, kuma ya kamata a ce na dama da na hagu sun zo ɗaya. Sai ya ce, "Ba duk baƙaƙe ba ne?" Motarsa tana ja gefe ɗaya, shi kuma yana zargin bakanike da maƙiya.

Alhaji Ba-ta-zuwa-ko'ina. Tsohuwar Marsandinsa daga Juma'a sai Juma'a, zanen taya kamar jiya aka saya. Amma rana ta gama busar da robar, gefen duk ya tsattsage. A ƙarshen rubutun da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. In uku ka gani, an yi ta kafin 2000, ta girmi wasu 'ya'yansa masu aure. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Alhaji zai gyara zama ya ce, "Yaro, da tsohuwar zuma ake magani." Gaskiya ne, ranka ya daɗe, amma ba a taɓa jin an je Abuja a kan zuma ba.

Ɗan gayu. Ya ɗaura wa Corolla ta gado rim mai inci 18 da taya 'yar siririya. Ramin farko ya fitar mata da ƙululu a gefe, inda faci ba ya aiki. Hoto dai ya yi kyau.

Mai tawakkali. Direban haya ne. An rubuta 82 a tayarsa, wato kilo 475 ne iyakar abin da kowacce za ta ɗauka. Shi lissafinsa da buhu yake yi: in but ta rufu da igiya, to akwai sauran wuri. Masana sun ce in zurfin zane ya sauka zuwa milimita 1.6 taya ta gama aiki. Shi sai ya ga waya ta leƙo, sannan ya kai a sassaƙa mata sabon zane da wuƙa mai zafi. In ka yi magana ya ce, "Kwana ne ke ƙarewa." Fasinjoji tara da ya cusa ba a tambaye su ko sun shirya ba.

Mai tocila. Wannan shi ne ciwon kan 'yan kasuwa. Zai tsuguna ya haska, ya karanta shekara, ya duba girma da nauyi, ya nemi harafin jure zafi, don ya san A ta fi B, B ta fi C. In kuɗinsa na biyu ne kawai, iri ɗaya zai saya, ya ce a sa su baya, kamar yadda kamfanonin taya ke ba da shawara. Mai shago ya gaji ya ce, "Yallaɓai, saye ka zo yi ko jarrabawa?" 'Yan kallo su yi ta dariya, su kira shi ɗan boko, kuma lalle ya fi kowa kashe kuɗi ranar.

Sauran shidan nan duk mai facin bakin hanya ya san su da suna, har yana tambayar lafiyar iyalinsu. Mai tocila kuwa, in ya wuce, sai mai faci ya tambayi yaronsa ko baƙo aka yi a unguwa.