Masu Yankan Gilashin Roba

Gilashin roba, wanda masu allunan talla ke kira Perspex, ya mai da mutane da yawa masu sana'a dare ɗaya. Bai kai rabin nauyin gilashi ba, haske na ratsa shi kusan kashi 92 cikin ɗari, kuma mai shago ya rantse ba ya fashewa. Wannan rantsuwa ita ke kai mutum gida da falle guda a hammata, da niyyar haɗa akwatin nuna kaya ko tagar rumfar POS da hannunsa.

Na farko a sahu shi ne Garaje. An gaya masa falle mai kaurin milimita 3 ba ya son zarto: a ɗora rula, a tsaga layi da wuƙa mai kaifi sau da yawa a wuri ɗaya, a kawo layin bakin tebur, a danna, ya karye tas. Garaje ya tsaga sau biyu, ya ce ai ya isa. Ya danna. Tsagar ta bi layi rabin hanya, sannan ta yanke shawarar zuwa Gabas. Sai ya aro injin yankan ƙarfe wurin mai walda. Shi kuwa gilashin roba zafi ke narka shi, don haka inji na wucewa yankan na sake haɗewa a baya, gida ya cika da wari, maƙwabta suna tambaya ko wayar lantarki ce ta kama. A ƙarshe ya ce kayan jabu aka sayar masa.

Akwai Mai Ɓare Leda. Ledar da aka manna a jikin fallen don kare shi take, sai an gama aiki ake cire ta. Shi tun a cikin Keke ya ɓare, don ya ga ƙyalli. Kafin ya iso gida makullin aljihunsa ya sa hannu a kai.

Ɗan'uwansa shi ne Ido Ya San Ƙima, wanda tef ɗin awo cin fuska ne a wurinsa. Kullum tagarsa takan rage yatsa ɗaya, kullum kuma laifin maginin da ya karkata bango ne.

Wanda na fi tausaya wa ita ce Hajiya Tsafta, don ita da niyyar alheri take ɓarna. Gilashin roba na jan ƙura, balle da hunturu, Hajiya kuwa ba ta iya ganin ƙura ta kwana. Ta sa busasshen tsumma ta dirje, ƙurar ta zama samfefa. Ganin ya dushe, ta aiki yaro ya sayo tina. Tina da asiton da sinadarin goge gilashi mai amoniya duk maƙiyansa ne: sukan bar shi da hazo ko ƙananan tsage-tsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Ruwa da ɗan sabulu da tattausan ƙyalle kawai yake so, amma gaya wa Hajiya haka daidai yake da ce mata ba ta iya wanki ba.

Mai Guduma bai yarda akwai abin da ƙusa ba ta shiga ba. Idan an matsa masa ya ɗauki injin huda, zai danna da ƙarfinsa, ba katako a ƙasa, ramin kuma dab da gefe. Bai san robar na buɗewa da zafin rana ba, shi ya sa ake ɗan faɗaɗa rami, ba a ɗaure noti tamau. Abin da ya fashe ya liƙe da sufa gulu, wanda ke barin farin tabo ko'ina.

Shehin Malami kuma yana kan benci, hannu a aljihu. Ya san kamfanin Röhm na Jamus ya fito da Plexiglas, wato irin wannan gilashin roba, a 1933, ya san da irinsa aka yi rufin mazaunin matuƙan jiragen yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu, ya san sai zafi ya kai wajen digiri 160 kafin a lanƙwasa shi da kyau. Miƙa masa wuƙar ka gani. Nan take zai tuna bai yi La'asar ba.