Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daimon, Sarkin Duwatsu

Ranka ya daɗe,

Na fara da wannan addu'a ne saboda haka ake yi wa manya, ko da yake na ji an ce kai ba ka buƙatarta, tunda tun 1947 aka yi maka shelar dawwama. Ka karɓa dai, ba ta da nauyi. Bayan gaisuwa da fatan kana nan cikin ƙyallinka, dalilin wannan takarda shi ne wani ɗanka da ke hannuna yau wata bakwai, ƙudundune cikin takardar rasit a ƙasan akwatina, na rasa yadda zan yi da shi.

Ga yadda aka yi ya zo. 'Yar yayana, haifaffiyar Ingila, ta samu manemi a can. Wata rana sai ga bidiyo a zauren WhatsApp na dangi: yaro ya durƙusa da gwiwa ɗaya a tsakiyar gidan cin abinci, ya buɗe wani ɗan akwati kamar na ashana, yarinya ta toshe baki tana kuka, Turawa na tafi. Da aka nuna wa kakarta, ta kalla har sau biyu, sannan ta ce, "Shi wannan yaro me ya faɗo masa a ƙasa yake nema?" Aka ce mata ai baiko ne. Ta ce, "Baiko babu goro, babu waliyyi?" Aka ce akwai zobe, kuma albashinsa na wata biyu cif ya zuba a kai. Ta ce Allah ya kyauta.

To Allah bai yi auren ba. Aka rabu lafiya, yaron ya ce ta riƙe zoben. Ta zaga da shi shagunan Landan, wanda ya fi kowa tayi bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka saye shi ba. Da ta zo hutu sai ta miƙo mini, ta ce, "Goggo, ke da kika san 'yan gwal."

Na kai shi wurin mutumin da nake ciniki da shi shekara da shekaru. Ya juya zoben, ya goga gindinsa a kan baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwa, ya ce, "Sha takwas ne, Hajiya." Sai ya jawo 'yar ƙaramar filaya, ya buɗe faratan nan huɗu da suka riƙe ɗanka, ya ɓanɓaro shi kamar mai cire tsakuwa daga shinkafa. Ya ɗora gwal ɗin a sikeli, ya danna kalkuleta, ya ƙirgo mini kuɗin giram ukun da 'yan kai. Shi kuwa ɗan naka ya naɗe shi cikin takarda ya turo mini. Na ce, "Alhaji, ai wannan shi ne kuɗin, zoben rakiya ya yi." Ya yi murmushi ya ce, "Mu dutse cire shi muke yi kafin awo. In na saya, wa zan sayar wa?"

Tambayar nan ta bi ni har gida. Sai na ce tunda kai ne ka tsoma kanka cikin harkar aure, dole a yi maka abin da ake yi wa kowane manemi, wato bincike.

Abu na farko da na gano, ranka ya daɗe, kana da dangi, kuma ba ka zumunci. Kai da gawayin da nake dafa shayi da shi, da baƙin da ke cikin fensirin 'yan firamare, asalinku ɗaya, sinadarin kabon. Bambancin kawai kai ka sha zafi da matsi can ƙarƙashin ƙasa. Tun 1772 wani masanin Faransa, Lavoisier, ya tara hasken rana da gilashi a kanka, ka ci wuta ka bi iska kamar kowane ɗan gawayi. Gaskiya ne babu dutsen da ke iya karce ka, amma guduma in ta same ka a gaɓa, tarwatsewa kake yi. Wannan "har abada" ɗin dai akwai magana a cikinta.

Na biyu, an ce tsadarka daga ƙarancinka take. Da can haka ne, lokacin da sai a kogunan Indiya ake tsintar ka, daga baya Burazil. Sarakuna kaɗai ke ganin ka. Har ana ba da labarin Maximilian na Ostiriya da ya ba Mary ta Burgundy zobe mai ɗauke da kai a 1477, masu tallarka kuma ba sa gajiya da maimaita shi, sai ka ce duk manoman Turai na wancan zamani haka suke baiko. Amma a 1871 aka tono ka a gonar wasu 'yan'uwa biyu masu suna De Beer a Afirka ta Kudu, inda garin Kimberley yake yanzu. Suka sayar da gonar fam dubu shida da 'yan kai suka kama gabansu, sunansu kawai aka riƙe. Daga rami guda da aka haƙa a wurin da diga da shebur har zuwa 1914, an kwashe ka kimanin kilo 2,700. Abin da ake aunawa da karat, kowane karat kashi ɗaya cikin biyar na giram, ga shi ana lissafa shi da tan.

Duk 'yar kasuwa ta san abin da ke faruwa da tumatir ranar da motoci goma suka sauke kaya lokaci guda. Cecil Rhodes ma ya sani. A 1888 ya haɗe ma'adinan ƙarƙashin kamfanin De Beers, ba a jima ba kusan kashi 90 cikin 100 na daimon ɗin duniya sai ta hannunsu yake fita. Iyalan Oppenheimer da suka karɓi ragama daga baya suka ƙara ɗaure tamau. A tara ka a rumbu, a riƙa sakin ka kaɗan-kaɗan. A lokacin, sau goma a shekara ake kiran zaɓaɓɓun dillalai Landan, a miƙa wa kowa akwatinsa da farashinsa, babu tayi babu ragi, in ka cika ƙorafi a daina kiran ka. A garinmu mai yin haka da gero sunansa ɗan ɓoye, liman ma har huɗuba yake yi a kansa. Kai naka sun yi da kwat da lakataya, aka kira shi daidaita kasuwa.

Ɓoye kaya ba ya amfani in babu mai nema, kuma a shekarun 1930 talauci ya sa Amurkawa sun juya maka baya. Nan ne na sara wa iyayen gidanka. A 1938 Harry Oppenheimer ya je Amurka ya ɗauki kamfanin talla na N. W. Ayer. Ba su ce a sayi kayan kamfani kaza ba. Aikin da suka sa gaba shi ne saurayi ya ji bai cika namiji ba sai da kai, budurwa ta ji ba a so ta ba in babu kai. Aka riƙa maƙala ka a yatsun taurarin fim, ana aika wa jaridu labarin girman dutsen da wance ta samu. Har makarantun sakandare aka tura masu lacca su yi wa 'yan mata bayaninka, tun kafin samarin su san gemu. Kafin yaƙin duniya na biyu, amaren Amurka da ake yi wa baiko da kai ba su wuce ɗaya cikin goma ba. Zuwa 1990 sun kai takwas cikin goma, kowa kuma yana rantsuwa al'ada ce ta kaka da kakanni.

Kirarin naka kuwa wata ma'aikaciyar kamfanin ce, Frances Gerety, ta rubuta shi a 1947, kalma huɗu da Turanci, ma'anarsu daimon na har abada ne. A 1999 mujallar Advertising Age ta zaɓe shi kirarin talla mafi fice na ƙarnin. Ita baiwar Allah har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yi aure ba. Ba gori nake mata ba, na dai lura cewa mai gangar ba ta taka rawar ba.

Sai a shagon Alhaji na fahimci kirarin nan sosai. Amarya tana jin sa a matsayin alkawarin soyayya. Ɗan kasuwa kuwa abin da yake nufi shi ne, kada ki kuskura ki dawo da shi. Miliyoyin 'ya'yanka na kwance a yatsu da akwatunan mata. Da za su fito kasuwa rana guda, da asiri ya tonu. Sai aka mai da sayar da kai abin kunya, aka rufe ƙofar dawowa da kalmar ƙauna. Hausawa na cewa sayen nagari mai da kuɗi gida. Kai kuɗin da ya bi ka, ya yi sallama da gida ke nan.

Batun albashi kuma, wallahi ko maroƙi bai kai su iya yanka farashi ba. Da farko aka ce na wata ɗaya ya isa. A shekarun 1980 aka mai da shi wata biyu. Da aka isa Japan aka ce uku. Japan ɗin da a 1967 amaren da ke samun zobenka ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, zuwa 1981 sun kai kusan kashi 60. Mai kaya ne ya tsaya ya faɗa wa mai saye nawa ya kamata ya kashe, ba bisa nauyin kaya ba, bisa nauyin aljihunsa, mai sayen kuma ya yi godiya. Da aka samu ƙananan 'ya'yanka birjik a Sabiriya ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, sai aka ce ai girma ba shi ne ba, tsabta da yanka ake dubawa, aka kuma ƙirƙiro wani zoben na daban wanda miji zai saya wa matarsa bayan an daɗe tare, a jera ƙananan a kai.

Zan yi maka adalci a wuri ɗaya. A da, a Amurka, macen da aka yi wa alkawarin aure aka fasa tana iya kai ƙara kotu a biya ta diyya. Daga shekarun 1930 jihohi suka fara soke wannan doka, wasu masana kuma na ganin shi ya sa mata suka rungume ka, ka zama jingina a hannunsu: in ya gudu, ya bar abu mai tsada. Hikima ce. Sai dai jinginar da ba ta sayuwa, riƙon amana ne kawai. Mu nan da uwa ta samu sarari sai ta saya wa 'yarta ɗan kunne ko warwaro na gwal, ba don kwalliya kaɗai ba. Ranar da kuɗin asibiti ya taso, ko na makaranta, ko jari ya karye, a cire a kai sikeli, a dawo da kuɗi kafin la'asar. Kuɗin ƙira kawai ake asara, wani lokacin ma tashin farashi ya rufe shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma ranar da tamu miyar ta ƙare, gwal ɗin da ke riƙe da kai ne ya yi magana, kai kana cikin takarda.

Kada ka ce na cika baki, na san namu. Mu ma muna da lefe, akwati saiti-saiti, ana buɗewa gaban 'yan ganin ƙwaf ana ƙirga turame, saurayi ya ci bashin da zai shekara yana biya. Wanda ya yi wannan ba shi da bakin yi wa mai zobe dariya sosai. Amma atamfa ko ba komai ana ɗaurawa, in ta tsufa a yi wa jariri zanin goyo. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yanzu yaranmu sun fara haɗa biyun, a durƙusa da zobe don hoto, sannan a zo a yi lefen cikakke.

Akwai wata maganar da ba ta raha ba ce. A Kimberley ta wancan zamani, baƙaƙen fata masu haƙo ka kulle su ake yi a sansani har ƙarshen kwantiraginsu, a yi musu tsirara a caje, har maganin da ke sa gudawa ake ba su kafin a sallame su, ko wani ya haɗiye ka. A Saliyo, daga 1991 zuwa 2002, da kuɗinka aka sayi bindigogin da suka raba mutane da garuruwansu, 'yan tawaye suna datse hannayen jama'a. Hannun da aka yanke ba ya sa zobe. Sai a 2003 aka kafa tsarin tantance asalinka, aka kuma raɗa masa sunan Kimberley. A birnin Surat na Indiya ake yanka da goge mafi yawan 'ya'yanka, masu aikin kuwa ba su ne ke sa ka a yatsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Botswana ce na ga ta ci moriyarka, ta yi makarantu da tituna, don ta tsaya kai da fata a raba daidai da ita, har cinikin akwatunan nan na Landan ya koma Gaborone a 2013.

Yanzu kuma na ji an yi maka kishiya. Tun 1954 kamfanin General Electric ya dafa ka a cikin injin, yau ga shi ana ƙera ka cikin 'yan makonni, sinadari ɗaya, ƙyalli ɗaya, ko gwani sai da na'ura yake raba ku. Iyayen gidanka suka yi ta cewa wannan ba ɗan asali ba ne. A 2018 kuma sai ga su sun buɗe nasu shagon mai suna Lightbox suna sayar da shi dala 800 kowane karat, a 2025 suka ce za su rufe, farashin ya zube ƙasa warwas. Ina tausaya maka. Shekara tamanin ana cewa a so ka don kyanka, da aka samu mai kyanka sak a araha, sai aka koma cewa a so ka don wahalar da aka sha kafin a tono ka.

To ga buƙatata. Yarinyar ta koma, ta ce in yi yadda na ga dama da shi. Kuɗin gwal ɗin na ƙara na saya mata ɗan kunne, yana nan ajiye. Saura ɗanka. Mai sa mana gilashin taga ya ce irinka ne a bakin abin da yake yanka gilashi da shi, amma nasa bai gaji ba tukuna. Jikata ta nemi in ba ta ta liƙa a goshin 'yartsanarta, na hana, kada ta haɗiye. In akwai inda kuke karɓar naku in sun dawo, a aiko mini da adireshi, ni zan biya kuɗin mota.

Gawayi yana gaishe ka. Ya ce buhunsa ya ƙara kuɗi bana, kuma shi ko an kai shi kasuwa sau goma ana saye.

Taka mai ajiyar ɗanka,
Goggon amaryar da ba a yi ba