Fiƙihun Alewa

Ranar Talatar da ta wuce, wajen la'asar sakaliya, na yi kiciɓis da wani dattijon majami'armu ta nan Daɗin Kowa a wani lungu na Bukuru, yana zaune bisa benci, ya ja hular sanyi har ta rufe gira, ya tallabe ƙwaryar burkutu da hannu biyu kamar mai renon jinjiri. Kuma tun ban rufe baki daga cewa "Barka da yamma, Baba" ba, bawan Allah ya zura hannu aljihu, ya ɓare alewar Tom Tom, ya jefa a baki, alhali kuwa ƙwaryar tana nan bisa cinyarsa, kumfa na tashi.

Wannan alewa ita ce ta hana ni barci. Da na zurfafa nazari sai na tarar ashe babi guda ne na fiƙihu, mai sharuɗɗa da rukunai, wanda magabata ba su rubuta ba amma aka yi ijma'i a kansa. Ƙwarya ɗaya, alewa ɗaya. Goskolo, da yake najasarsa ta fi kauri, biyu. Wanda ya sha daren Asabar kuma shi ne da addu'ar buɗe sujada ran Lahadi, uku sun wajaba a kansa, da ɓarin goro a matsayin mustahabbi. Akwai masu tsentseni da kan tsotsa tun kafin su kurɓa, wato sun gabatar da kaffara a kan laifi. Akwai kuma masu sassauci da suka yi fatawa cewa rabi ya wadatar in uwargida tana mura. Shi dattijon namu, in ya ɗaga murya a gaban jama'a yana roƙon Ubangiji ya tsarkake ikkilisiyarsa, duk mai toshewar hanci a sahun gaba sai ya ji ya washe, har wata tsohuwa ta taɓa ba da shaida a kan haka.

Maƙwabtanmu Musulmi, a mazhabar Malikiyya, sai tafiya ta kai mil 48 suke yin ƙasaru, kuma raka'o'i kaɗai suke ragewa. Namu malaman sun fi su rangwame nesa ba kusa ba, domin kuɗin keke ɗaya daga Daɗin Kowa zuwa Bukuru ya isa a taƙaita Dokoki Goma su koma shida, bisa zaton cewa idon Mai Sama, kamar na Rabaran, iyakarsa bakin unguwa. Tun 1932 aka gama juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, kuma tun ran nan labarin Akan yake zaune a sura ta 7 ta Joshuwa, mutumin da ya binne alkyabba da shekel 200 na azurfa da curin zinariya a cikin alfarwarsa, aka tono shi a gaban kowa. Kuskuren Akan, a fahimtar mutanenmu, shi ne bai kai kayan Bukuru ba.

Da abin ya tsaya nan da na yi dariya na wuce, don cikin mutum nasa ne. Amma wannan dattijo yana cikin waɗanda suka zauna bara suka sa wata gwauruwa a ƙarƙashin horo saboda tana dafa burkutu ta biya wa marayunta kuɗin makaranta. Aka mayar da ita bencin baya, aka hana ta Jibin Ubangiji, aka karɓe mata ɗankwalin zumuntar mata; shi kuwa mai shan, da bakinsa mai ƙamshin alewa, shi ke zagayawa da faranti yana miƙa wa salihai, in ya iso kanta ya kau da kai. Tukunyarta tana hayaƙi kowa na gani, ga laifinta ke nan. Ta rasa abin da za ta ɓare ta jefa wa hayaƙi.

Za a ce sanyi ne ke sa dattawa shan, kuma lalle sanyin Jos a watan Disamba ba abin wasa ba ne. Ni kaina na taɓa kwana da safa biyu da rawani. Sai dai abin mamaki, wannan sanyi yakan bi dattawa har cikin watan Maris, lokacin da kare ke neman inuwa, kuma shi ne ya sa mutumin da bai iya kawo aya biyu a jere ba ya haddace shawarar da Bulus ya ba Timoti game da ciwon ciki, sura da aya, da Hausa da Turanci.

Da muka gama gaisawa, Baba ya dube ni tsaf, ya juya alewar daga wannan kunci zuwa wancan, ya ce, "To, ɗana, kai kuma me ya kawo ka wannan lungu?" Na ce hanya ce ta ɓace mini. Ya jinjina kai cikin tausayi, ya sake zura hannu aljihu, ya miƙo mini guda biyu.